Faɗakarwa Ga Mai Niyyar Sayen Kayan Hawan Dutse

Hawan duwatsu masu tsayi da santsi, wanda Turawa suka mai da shi wasa tun cikin ƙarni na 19, ya fara shiga ran samarinmu, da waɗanda ke karatu a ƙasashen waje da waɗanda ke gida suna ɗaga kai suna duban Zuma ko Kufena ko Kwatarkwashi. Kuma tun da kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, wajibi ne a faɗakar da mai sha'awa, tun bai zare kuɗinsa ba, cewa a wannan sha'ani araha ba ta ado, kuma gwanjo, duk da alherinsa ga talaka wajen riga da takalmi, ba shi da muhalli a nan.

Igiya ita ce uwar kayan. Ran 14 ga Yuli 1865 mutum bakwai, cikinsu har da Edward Whymper na Ingila, suka zama na farko da suka kai ƙololuwar Matterhorn, a kan iyakar Suwizalan da Italiya, amma a wajen saukowa ɗaya ya zame ya fizgi uku, igiya ta tsinke, huɗun nan suka halaka. Da aka duba sai aka tarar igiyar da ta haɗa su da sauran ita ce mafi rauni cikin waɗanda suka zo da su. Igiyoyin wancan zamani na zaren tsiro ne. Na yanzu na nailan ne, masu ɓargo a ciki da riga saƙaƙƙiya a waje, bisa fasalin da kamfanin Edelrid na Jamus ya fito da shi a 1953, hikimarsu kuwa ita ce suna miƙewa idan mutum ya faɗo, su shanye ƙarfin fizgar, maimakon su bar ta ta ƙare a ƙugunsa. Akwai kuma wata iri, wadda ba ta miƙewa sai kaɗan, da aka yi domin saukowa da jan kaya, alhali a ido kusan kamarsu ɗaya. Wanda ya hau da ita ya faɗo, ko da ba ta tsinke ba, bayansa yana iya karyewa. Hukumar UIAA ta masu hawan duwatsu, wadda aka kafa a Chamonix ta Faransa a 1932, ta shardanta cewa igiyar hawa guda sai ta riƙe nauyin kilo 80 da aka sako daga sama sau biyar aƙalla kafin a sa mata hatimi. A nemi wannan hatimi a bakin igiyar.

Abin da ya sa na tsananta a kan gwanjo shi ne aibin nailan ɓoyayye ne. Ruwan batir yana cinye zarensa ba tare da ya bar tabon da ido zai kama ba, ta yadda igiyar da ta kwana a bayan mota kusa da batir za ta fito sumul, alhali ta riga ta mutu. Zafin rana ma yana tsofar da shi, mu kuwa Allah ya hore mana rana. Masu ƙera kayan da yawa sun ƙayyade shekara 10 a matsayin iyakar rayuwar igiya da ɗamara, ko da ba a taɓa fitar da su daga jaka ba. To, wa zai ba ka tarihin igiyar da ta fito daga dila?

Ɗamarar da ake zurawa a ƙugu da cinyoyi hukuncinta ɗaya da na igiya. A watan Oktoba 2006, a Yosemite ta Amurka, Todd Skinner, gwanin da duniyar mahaya ta sallama wa, ya faɗo ya rasu saboda madaukin gaban ɗamararsa ya suɗe har ya tsinke. Gwaninta ba ta yi masa maganin tsohon zare ba.

Ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa kuwa, ta gaskiya za ka ga an zana ƙarfinta a gadon bayanta, galibi 20 kN ko fiye, wato kusan nauyin tan 2, amma idan ƙofar tana buɗe ko nauyi ya hau ta a kaikaice ƙarfin yana iya komawa 7 kN. Waɗanda ake sayarwa a tebur domin rataya makulli ba su cikin wannan lissafi ko kusa. Hular kwano ta hawa ita ma lalura ce, domin dutsen da ke fili yana zubo tsakuwa daga sama. Takalmi dai ya kama ƙafa, ya wadatar.

Ya kai mai karatu, sayi igiyarka da ɗamararka sababbi daga hannun wanda ka amince da shi, rubuta ranar da ka saya, ajiye su a inuwa nesa da batir, kuma kada ka ɗaura su a gindin dutse sai tare da wanda ya san aikin ya duba ƙullinka.