Kiɗan Bes A Kan Kod Ɗaya: Darasi Daga Alƙahira

A Madinat Nasr, unguwar da aka gina a gabashin Alƙahira zamanin Jamal Abdul Nasir, ɗalibanmu na Azhar sun saba jin amon udu, molon Larabawa, daga motar haya ko gidan shayi. Abin da mai udun ke yi, wato taƙasim, shi ne ke ba masu jitar bes na jaz da fank ciwon kai: ƙirƙirar kiɗa nan take alhali tushen sautin bai motsa ba.

A tsohon salon jaz, kod, wato sautuka uku ko huɗu da ake haɗawa a buga tare, yakan sauya a kai a kai, sauyin ne ke yi wa makaɗi jagora. Amma a 1959 Miles Davis ya fitar da "So What", inda aka zauna a kan kod ɗaya tsawon gaɓa 16, aka ɗaga kaɗan na gaɓa 8, aka dawo. Mai bes, Paul Chambers, shi aka bar wa jan zaren kiɗan. A 1970 kuma Bootsy Collins, yana ɗan shekara 18, ya kaɗa wa James Brown a "Sex Machine", bisa ƙa'idar ubangidansa: yi duk yawon da ka ga dama, amma ka dira a kan bugu na farko.

A kan kod ɗaya ake gane gwani. Ɗan koyo yakan hau sautuka ya sauko a guje, ya gajiyar da kunne. Gwani kuwa sautuka uku ya ɗauka ya maimaita, ya jinkirta ɗaya, ya doki kakkaurar tsirkiya da babban yatsa, ya danne ta da hannun hagu har sai ƙwas kake ji. Ya yi shiru, ganga ta cike gurbin. Wani lokaci da gangan zai taɓa sautin da bai dace ba, ya bar ka a rataye, sannan ya koma gida.

Mai udu ya riga shi sanin wannan. Daga ƙasan maƙam, wato jerin sautukan kiɗan Larabawa, yake farawa, ya hau sannu, ya rufe kowace jimla da ƙafla, wato ɗan salon rufewa, masu sauraro su yi ta jinjina masa. Amma akwai cikas: maƙamin Bayati, wanda shi ma kan tashi daga D kamar "So What", sautinsa na biyu yana faɗawa tsakanin gaɓoɓin ƙarfe na wuyan jita. Bes marar gaɓoɓi ne ke cafko shi cikin sauƙi. Ahmed Abdul-Malik, mai bes da ya yi aiki da Thelonious Monk kuma yake kaɗa udu, ya haɗa biyun a faifansa "Jazz Sahara" na 1958. A Masar kanta, hafsan soja Salah Ragab ya kafa Cairo Jazz Band a 1968 da makaɗan soja, a Heliyofolis da ke maƙwabtaka da Madinat Nasr, ya kuma yi faifai da Sun Ra a 1983.

A ganina Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya riƙe jama'a shekaru masu yawa. Matasanmu masu haɗa kiɗa a sutudiyo a Kano da Kaduna, da ke barin kwamfuta ta maimaita musu layin bes ɗaya daga farko har ƙarshe, su nemi waɗannan faya-fayan su saurara.