Awon Ciki da Gadon Sikila: Jan Hankali ga Zangon Sokode da Dapaong

Mu 'yan kasuwa mun saba da duba kaya kafin mu biya kuɗi, amma da yawa daga cikinmu ba mu san irin jinin da muke ɗauke da shi ba sai matar gida ta yi ciki, hankali ya tashi domin an taɓa rasa yaro ga amosanin jini, wato sikila.

Ciwon na gado ne, kuma daga uwa da uba yake zuwa, saboda haka ɗora wa mace laifi zalunci ne. Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki na da haɗarin kashi 1 cikin 4 na haihuwar ɗa mai SS. Lissafin kuwa sabo ne a kowane ciki. Haihuwar mai sikila ɗaya ba ta nufin ukun da za su biyo baya sun tsira.

A yankinmu akwai ƙarin abin lura. Arewacin Togo da Burkina Faso da arewacin Gana na cikin wuraren da jini nau'in C ya fi yawa a duniya. Mai AS idan ya auri mai AC suna iya haihuwar ɗa mai SC, wanda shi ma sikila ne. Gwajin Emmel mai araha S kawai yake nunawa, ba ya ganin C. Don haka ɗan kasuwar Sinkase da aka ce masa ba shi da sikila, ya tambaya wane gwaji aka yi masa. Wanda ke bambance A da S da C shi ne elektiroforez, kuma miji da mata ne za su yi shi.

Hoton ciki, wato eko, ba ya nuna sikila. Gane jinin ɗan tayi sai an ɗebi ɗan yankin mabiyiya wajen mako na 11 zuwa 13, ko ruwan mahaifa daga mako na 15. Gwajin na da tsada da ɗan haɗarin ɓari, kuma sai manyan cibiyoyi irin cibiyar sikila ta Legas. Ga mafi yawanmu, abin da ke hannu shi ne shiri.

Shirin kuwa awo ne da wuri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikatan lafiya sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. A 2021 gwamnatin Togo ta ƙaddamar da shirin WEZOU domin rage wa masu juna biyu nauyin kuɗin awo da haihuwa. A sha maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a kwana cikin gidan sauro. Idan uwar ce ke da SS ko SC, kada ta haihu a gida ko a kan hanyar fatauci; ta nufi babban asibitin Sokode ko na Dapaong, inda ake iya ƙarin jini. Mai zirga-zirga tsakanin iyakoki ta riƙe katin awonta kamar takardar shaidarta.

Bayan haihuwa, a nemi gwajin jariri ko da ya yi ɓul-ɓul, domin alamun, irin su kumburin hannu da ƙafa, ba su cika fitowa ba sai wajen wata 6. Yaron da aka gano da wuri, aka sa shi kan fenisilin da allurar rigakafi, ya fi samun damar girma. Zazzaɓi a jikinsa kuwa maganar asibiti ce a ranar, ba ta mai tallar magani a kasuwa ba.

A 2024 Jihar Kano ta sa dokar gwajin jini kafin aure. Limamai da sarakunan zango ba sai sun jira doka ba: a tambayi takardar gwaji kafin a raba goro.