Sarki ɗaya a Hausa, sunaye barkatai a Turanci

Ranar Asabar a gidanmu da ke Sabon Gari, ƙanena ya nuna mini aikin makarantarsa, inda ya fassara Sarkin Musulmi da "King of Muslims". Na yi dariya, amma ban ga laifinsa ba. Mu kowa sarki ne, tun daga Sarkin Kano har Sarkin Pawa. Turanci kuwa rarrabewa yake yi.

Sarkin Musulmi shi ne Sultan, kalmar da Turawa suka aro daga Larabci, ma'anarta iko. Emir ma aro ce, daga amir, wato mai ba da umarni, kuma da ita ake kiran sarakunan Kano, Katsina da Zazzau. Abin mamaki, admiral, babban hafsan sojan ruwa, daga amir ɗin nan ta samo asali.

King shi ne irin Charles na Ingila. Emperor ya fi shi, domin har sarakuna kan kasance a ƙarƙashinsa, kamar Haile Selassie na Habasha da aka tumɓuke a 1974.

Inda ɗalibai ke zamewa a jarrabawa shi ne tyrant da despot. Mai mulki suke nufi, amma azzalumi. Kada ku kuskura ku yi wa wani basarake kirari da su.