BABI NA UKU: DABARUN SHAMAKI A RA'O'IN GYARA ƘARFIN JAN NAUYI

3.0 Gabatarwa

A shekarar 1998 ƙungiyoyi biyu na masana taurari suka auna hasken wasu taurari masu fashewa da ke can nesa, suka gano cewa faɗaɗar da sararin samaniya ke yi tana ƙara sauri ne, maimakon ta ragu. Abin da ke ingiza wannan faɗaɗa shi aka raɗa wa suna baƙin makamashi, an kuma ƙiyasta shi da kusan kashi 68 cikin 100 na abin da sararin samaniya ya ƙunsa. Sai dai wasu masana suna ganin cewa ra'in jan nauyi da Einstein ya fitar a 1915 ne ke buƙatar gyara. Wannan babi zai duba babbar matsalar da ke gaban masu gyaran, da dabarun da suka fito da su domin kauce mata.

3.1 Matsalar Ƙarfi na Biyar

Ƙarfi huɗu aka sani a kimiyyar fiziya, wato jan nauyi, da na lantarki da maganaɗisu, da kuma guda biyu da ke aiki a cikin ƙwayar zarra. Mafi yawan ra'o'in gyara sukan ƙara wani sabon fage da ya game sararin samaniya, wanda kan haifar da ƙarfi na biyar. To, a nan gizo ke saƙar. Idan har akwai wannan ƙarfi, ya kamata a ji shi a kusa da rana. Amma a 2002, lokacin da kumbon Cassini ke kan hanyarsa ta zuwa duniyar Zuhal, an auna jinkirin saƙon rediyonsa da ya gifta ta gefen rana, aka tarar ya dace da lissafin Einstein, da kuskuren da bai wuce kimanin 2 cikin 100,000 ba. Ke nan dole ra'in gyara ya yi aiki a nesa, ya kuma ɓuya a kusa. Hanyar wannan ɓuya ita ake kira shamaki.

3.2 Ire-iren Shamaki

3.2.1 Shamakin Hawainiya

Justin Khoury da Amanda Weltman ne suka gabatar da shi a 2004. Kamar yadda hawainiya ke rikiɗa gwargwadon wurin da take, haka nauyin ƙwayar wannan fage ke sauyawa. A wuri mai cunkoson abu kamar doron ƙasa, ƙwayar kan yi nauyi, sai zangon ƙarfinta ya gajarta ƙwarai. A sarari fayau kuwa takan yi sauƙi, ƙarfinta ya kai nesa. Haka kuma, a babban jiki kamar rana, siririn ɓawon waje ne kawai ke fitar da ƙarfin.

3.2.2 Shamakin Simetiron

Kurt Hinterbichler da Khoury suka kawo shi a 2010. A nan ba zangon ƙarfin ke gajarta ba, alaƙar fagen da abubuwa ce ke tsinkewa idan cunkoso ya wuce wani mizani.

3.2.3 Shamakin Vainshtein

Wannan ya fi sauran tsufa, domin Arkady Vainshtein ya bayyana shi tun 1972. Kowane jiki mai nauyi yana da wata da'ira da ta kewaye shi, wadda a cikinta cuɗanyar fagen da kansa ke danne ƙarfi na biyar. A irin waɗannan ra'o'i, da'irar rana ta haɗiye duk duniyoyin da ke zagaya ta.

3.3 Gwaje-gwaje

Shamaki bai hana a gwada ra'o'in ba. Ƙwayar zarra guda ta yi ƙanƙantar da ba za ta iya ɓoye ƙarfin hawainiya sosai ba, don haka a 2015 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka saki ƙwayoyin siziyam kusa da wani dunƙulen alminiyam a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska. Ba su ga wani sabon ƙarfi ba. Bugu da ƙari, a ranar 17 ga Agusta, 2017, na'urorin LIGO da Virgo suka kama igiyoyin jan nauyi daga karon taurari biyu masu nisan kimanin shekarun haske miliyan 130, hasken karon kuma ya iso bayan daƙiƙa 1.7 kacal. Wannan ya nuna gudunsu ɗaya ne, ya kuma rushe ra'o'i da dama da suka yi hasashen bambanci, har da wasu masu dogara da shamakin Vainshtein.

3.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa shamaki ya ceci ra'o'in gyara daga awon da aka yi a kusa da rana, amma ba a kyauta ba. A 2012 Junpu Wang da Lam Hui da Khoury suka nuna ta hanyar lissafi cewa fagen hawainiya ko simetiron da ya ɓuya yadda ake buƙata ba zai iya ingiza faɗaɗar sararin samaniya ta hanyar gyaran jan nauyi kaɗai ba, sai an sake jingina da baƙin makamashin da aka so gujewa. Babi na gaba zai duba ƙananan gungun taurari, inda cunkoso ya yi ƙarancin da ake sa ran shamakin zai yaye.