Kafin A Cike Wa Yaro Fom Ɗin Injiniya

A unguwanninmu mai gyaran janareta Injiniya ake ce masa, haka ma mai haɗa wayar wuta. Girmamawa ce, ba laifi. Sai dai ita ta sa wasu iyaye ke zaton da yaro ya shiga jami'a za a miƙa masa sifana. Da ya je kuwa sai ya tarar da lissafi tun safe har dare.

Kowane fanni da inda ya dosa. Ɗan sibil shi ne na titi da gada da madatsar ruwa irin ta Tiga. Damuwarsa nauyin da ƙasa za ta iya ɗauka, da yawan rodin da kankare ke buƙata. Makanikal zana inji ne da lissafa ƙarfinsa da zafinsa, ba kanikanci ba. Ɗan lantarki yana biye da wuta tun daga Kainji har taransifomar bakin layinku.

Wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta shi ne kemikal. Yaro ya ci kemistiri a sakandare sai a ce can ya dace. Alhali aikin ya fi karkata ga bututu da tukunyar tururi da lissafin yadda abin da aka haɗa a ƙaramar kwalba zai fito tan-tan a masana'anta, kamar matatar man Kaduna ko kamfanin taki. Wanda lissafi ke ba shi tsoro zai sha wuya a nan.

A Najeriya karatun shekara 5 ne, a ABU Zariya ko BUK ko ATBU Bauchi. A JAMB ana rubuta Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Ajin farko da na biyu kusan kowa darasi ɗaya yake ɗauka, sai daga baya a rabu. A aji huɗu akwai wata 6 na horon aiki, wato SIWES, a ma'aikata, kuma neman gurbin ma aiki ne, a fara da wuri.

Abin da ya kamata uba ya bincika tun bai biya ko sisi ba: shin hukumar jami'o'i ta NUC da COREN sun tantance wannan kwas ɗin a wannan jami'ar? COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma kwas-kwas take tantancewa, ba jami'a ɗungurungum ba. Ana iya amincewa da sibil a makaranta, lantarkinta kuwa ba a amince da shi ba. A je sashen a tambaya, a kuma duba jerin COREN ɗin da ido.