Babi na Bakwai: Sabon Ɗalibi a Jami'a da Buƙatar Jagora

Daga Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, zuwa Samaru inda babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take, tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. Yaron da ya gama sakandare a Hunkuyi ko Likoro, ko wanda ya taso daga Makarfi, yana iya karin kumallo a gida ya riski laccar hantsi. Wannan kusanci yakan sa iyaye su ɗauka cewa da zarar yaro ya ci jarrabawar JAMB, sunansa ya fito, an biya kuɗin rajista, to an gama mai wuya. Alhali a makonnin farko na zangon farko ne ake yanke yawancin abin da zai biyo baya. Jami'o'inmu ba su rasa ofisoshin ba da shawara da tallafi ba. Matsalar ita ce taimakon da ke zaune a ofis yana jiran a yi masa sallama ba ya kai wa ga ɗalibin da ya fi kowa buƙatarsa. Don haka wajibi ne jagoranci a shekarar farko ya fita neman ɗalibi, kuma ya same shi da wuri.

Lissafin da ba ya yafiya

Dalilin gaggawar yana cikin yadda ake auna sakamako. A tsarin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta shimfiɗa, kowane kwas yana da nauyinsa, kuma ɗalibi yakan ɗauki nauyi 15 zuwa 24 a zango. A ma'aunin da ya fi yaɗuwa, wanda ya ci kashi 70 zuwa sama yana samun maki 5, wanda ya gaza kai wa 40 kuwa sifili ne rabonsa, sai ya maimaita kwas ɗin, abin da ɗalibai ke kira kariyoba. Ana tara makin nan tun daga zangon farko har na ƙarshe a fitar da matsakaici, wato jipi. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu kuma daga 3.50. Yanzu a ɗauki digirin shekara huɗu, a ƙaddara nauyin kowace shekara daidai yake da na 'yar'uwarta. Ɗalibin da ya gama shekarar farko da 1.50 sai ya riƙa samun kusan 4.17 shekara uku a jere kafin ya fita da 3.50. Wanda ya gama da ƙasa da 3.00 kuwa, ƙofar daraja ta ɗaya ta rufe masa ke nan, ko da bai sake cin ƙasa da kashi 70 a kowane kwas ba. Kariyoba kuma tana cin gurbin kwasa-kwasan shekara mai zuwa, wani lokaci ta hana ɗaukar kwas ɗin da ya dogara a kanta, ta jawo ƙarin shekara da ƙarin kuɗi. Idan makin ya yi ƙasa ainun sai gargaɗi ya biyo baya, bayansa kuma sallama. Akwai ɗaliban da ba sa fahimtar wannan lissafi sai sun ga sakamakon zangon farko a allon sanarwa, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Waɗanda aka ɗora wa aikin

A yawancin jami'o'in Nijeriya kowane sashe yana naɗa malami guda ya zama kodinetan aji. Shi ke duba takardar rajistar kwasa-kwasai ya sa hannu, shi ke sanin kwas na dole da na zaɓi, kuma shi ya kamata ya fara lura idan ɗalibi ya fara tangal-tangal. Akwai jami'in jarrabawa na sashe, wanda ake kai wa kukan sakamakon da ya ɓace. Sashen harkokin ɗalibai yana kula da ɗakunan kwana da ƙungiyoyi, kuma galibi a ƙarƙashinsa cibiyar ba da shawara take, inda ake sauraron mai damuwa ko mai son sauya fanni. A Samaru akwai Laburaren Kashim Ibrahim da asibitin jami'a. Ta fuskar kuɗi, Jihar Kaduna tana da hukumar tallafin karatu da lamuni, sannan tun 2024 asusun NELFUND na Gwamnatin Tarayya yana ba da bashi marar ruwa: yana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, yana kuma ba shi naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Duk waɗannan ana ambata su a taron wayar da kan sababbin ɗalibai. Sai dai taron yini ɗaya ko biyu ne, a zaure cike maƙil, a lokacin da hankalin yaro yake kan layin rajista da neman gado a hostal. Wanda sunansa ya fito a jerin ƙarshe ma yakan iso bayan an watse.

Wane ne ba ya zuwa?

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma sai wanda ya san akwai abin tambaya. Ɗan malamin jami'a da ya tashi a Samaru ya ji labarin jipi tun yana sakandare, kuma ba ya jin nauyin shiga ofishin farfesa. Ɗan manomin rake daga Kudan, wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, an tarbiyyantar da shi a kan cewa yaro ba ya tare babba da tambaya, ba ya kuma fallasa rashinsa. Ya ci Turanci a takardar WAEC ko NECO, amma bai saba jin lacca ta awa biyu da Turanci zalla ba, cikin ɗaruruwan mutane, daga bakin malamin da ba zai tsaya ya maimaita ba. Ɗalibar da ke jeka-ka-dawo daga gida, ko mai aure da goyo, tana fita da zarar an tashi lacca don kada dare ya yi mata a hanya, ba ta nan lokacin da ake bita. Kunya da kawaici kyawawan halaye ne, amma tsarin da ya ce mai matsala ya kawo kansa yana mayar da su tarko. Sakamakon shi ne taimako ya riƙa tafiya wurin waɗanda dama za su iya ba tare da shi ba.

Wannan ba hasashe ba ne kawai. A tsakiyar shekarun 1970, Uri Treisman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya binciki dalilin da ya sa ɗalibai baƙar fata masu ƙwazo suke faɗuwa lissafin shekarar farko, alhali 'yan asalin Sin suna ci. Ya tarar bambancin ba na basira ko himma ba ne: na farko kowa karatunsa yake yi shi kaɗai, na biyun kuwa suna zama rukuni suna gyara wa juna kuskure. Da aka shirya musu zaman rukuni a hukumance, sakamakonsu ya tashi. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Jami'ar Birnin New York, wadda ta fara wani shiri mai suna ASAP a 2007. An wajabta wa ɗalibi ganin mai ba shi shawara a kai a kai, aka haɗa masa da littattafai da katin shiga motar haya kyauta. Da aka raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ke cikin shirin sun kammala karatu cikin shekara uku, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 22. Darasi biyu ne a nan: ganawar ta zama dole, kuma a haɗa shawara da maganin ƙaramar buƙata irin kuɗin mota.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce jami'a ba gidan reno ba ce, wanda ya kai shiga ta ya kai riƙe kansa. Gaskiya ne burin jami'a ta yaye mai dogaro da kai, amma dogaro da kai abu ne da ake koyo. Ko a tsangaya, inda ba a san shagwaɓa ba, ba a barin ƙolo shi kaɗai da allonsa; ana danƙa shi ga gardi ya riƙa yi masa biyawa har ya kama hanya. Jagoranci bai ƙunshi sassauta jarrabawa ko ƙara wa kowa maki ba. Abin da ya ƙunsa shi ne kada yaro ya faɗi saboda dokar da ba wanda ya gaya masa, kamar sharaɗin halartar kashi 75 na lacca kafin a shiga jarrabawa.

Wani kuma zai ce tushen ciwon yana sakandare, can ya kamata a yi magani. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, kuma Arewa ta daɗe da sanin giɓin. Shi ya sa Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, take gudanar da jarrabawar share fagen shiga jami'a ta IJMB tun shekarun 1970, take kuma da makarantar share fage a Funtuwa. Amma gyaran sakandare aikin shekaru ne, yaron da ke zaune a aji yau kuwa ba zai jira ba. Jami'ar da ta tantance shi ta karɓi kuɗinsa ta riga ta shaida cewa zai iya.

Ja mafi nauyi shi ne na rashin hannu. Kodineta ɗaya yana iya riƙe ɗaruruwan ɗalibai, ga lacca, ga duba takardu, ga bincike, ga zangon da yajin aiki ya matse. Na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Ba za a kawo tsarin New York a dasa yadda yake ba. Amma akwai hanya mai arha da aka gwada tun 1973 a Jami'ar Missouri da ke Kansas City: a ɗauki ɗalibin da ya ci kwas mai wuya da kyau, a horar da shi, ya riƙa jagorantar bita ga na baya. Irin wannan bita tana nan a jami'o'inmu, ƙungiyoyin addini na ɗalibai kamar MSSN da FCS da na 'yan gari ɗaya suna yin ta don Allah. Rauninta shi ne ba ta da tabbas, ba ta kai wa ga wanda bai shiga ƙungiya ba, kuma wani lokaci babban ɗalibi yakan gadar da kuskure, ya ce wa ƙanensa shekarar farko ba ta da nauyi. Idan sashe ya ɗauki nauyinta, ya raba sababbin ɗalibai rukuni-rukuni, ya kuma duba sakamakon gwajin farko ya kira duk wanda ya faɗi kafin jarrabawa ta zo, an rage aikin kodineta zuwa waɗanda lamarinsu ya fi tsanani.

Al'umma ma tana da nata kason. Ƙungiyoyin ci gaban gari a Kudan da Makarfi da Ikara suna iya tara waɗanda suka samu gurbi kafin su tafi, tsofaffin ɗalibai su koya musu lissafin jipi da cike takardar lamuni, a kuma haɗa kowane ɗaya da wani na gaba da shi a fanninsa. Uban da bai yi boko ba yana iya tambayar ɗansa abu uku: sunan kodinetansa, yawan kwasa-kwasan da ya yi rajista, da abin da ya samu a gwajin farko. Su kuma jami'o'i, ma'aunin da ya dace su auna kansu da shi ba yawan waɗanda aka rantsar a bikin shiga ba ne. Shi ne nawa daga cikinsu suka shiga aji biyu ba tare da kariyoba ba, kuma daga waɗanne garuruwa waɗanda suka ɓace a hanya suka fito. Sashen da ke riƙe da wannan ƙididdiga zai san ɗalibin da ya kamata ya aika a kira masa tun mako na shida.