Ƙarancin G6PD

Ƙarancin G6PD lalura ce da ake gado, wadda ke hana jiki samar da isasshen sinadarin G6PD, mai kare jajayen ƙwayoyin jini daga lalacewa. An ƙiyasta mutum miliyan 400 ne ke da ita a duniya, kuma ta yawaita a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Najeriya da Nijar. An gano ta a Amurka a shekarar 1956, yayin bincike kan maganin primaquine.

Yadda ake gadonta

Ƙwayar halittar da ke sarrafa G6PD tana kan kuromosom X. Namiji X ɗaya gare shi, daga mahaifiyarsa, shi ya sa lalurar ta fi bayyana ga maza. Uba ba ya gadar da ita ga ɗansa namiji, amma dukkan 'ya'yansa mata za su ɗauki ƙwayar. Idan uwa na ɗauke da ita a X ɗaya, kowane ɗanta namiji yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadonta. Nau'in da ya fi yawa a Afirka shi ne A-.

Alamomi

Yawancin masu ita lafiyarsu ƙalau, sai sun haɗu da abin da ke fasa ƙwayoyin jinin, kamar primaquine, dapsone, kafur, ko zazzaɓi mai tsanani. Sai ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya mutu. Ga jarirai tana haddasa shawara wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa idan an yi jinkiri. Kafur da ake sa wa kayan jariri da lalle da ake shafa masa suna da haɗari.

Gwaji

Ana auna sinadarin ne a cikin jini. Gwajin da aka yi lokacin da jinin ke fashewa yakan ba da sakamakon ƙarya, domin sababbin ƙwayoyi sun fi tsofaffi G6PD, don haka ake maimaita shi bayan kimanin wata 3. A Jihar Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne babbar cibiyar da ake tura marasa lafiya daga garuruwa irin su Illela, mai iyaka da Birnin Ƙonni.

Kulawa

Ba a warkewa daga lalurar, sai dai a guji masu tayar da ita. Jariri mai shawara ana sa shi ƙarƙashin fitila ta musamman, idan ta yi tsanani a sauya masa jini.